Bangon Mwanaisha

Shekara goma sha tara Mwanaisha Kondo ta yi tana kwandasta, rataye a ƙofar daladala, ƙaramar bas ɗin haya ta birnin Dar es Salaam, a zamanin da ake nuna mace da baki in ta shiga wannan aiki. Gwiwa ce ta sauke ta, ba mutum ba. Ta kafa rumfar shayi da wainar shinkafa a tashar Tandika, amma hanyoyin Dar es Salaam suna nan daram a kanta. Ta san motar da ke tashi da asuba, ta san wadda ta rubuta Kariakoo a goshi amma take juyawa a rabin hanya in fasinja sun yi ƙaranci.

Da tambayar matafiya ta ishe ta, sai ta shafa wa bangon rumfarta baƙin fenti, ta riƙa rubuta hanyoyin da alli, har da lokacin motar farko da ta ƙarshe. Baƙo ya tsaya ya karanta, wanda bai iya ba a karanta masa. Ba ta taɓa cewa sai mutum ya sayi shayi ba.

Ana nan sai ga Deo Mushi, ma'aikacin wani kamfani mai manhajar waya da ke nuna wa mutane motar da za su hau. Mako uku ya yi a bencinta, Mama kaza, Mama kaza, yana tambaya yana rubutawa. Ta so shi, wallahi, har waina take ƙara masa. Ranar tafiya ya kawo takarda da Turanci, ya ce ta godiya ce, ta sa hannu.

Ashe sayar da kanta ta yi ba ta sani ba. Bayan wata shida wasiƙar lauya ta iso: bayanan hanyoyin nan yanzu mallakar kamfani ne, ba a baje su a fili sai da izini. Ta ce a gaya wa lauyan ya zo ya nuna mata inda motar Mbagala ke tsayawa, in ya sani. Bai zo ba. Masu kula da tasha ne suka zo da farin fenti, kansu a ƙasa, suka shafe bangon tana kallo. Abin ya ci ta ƙwarai, kwana biyu ba ta hura wuta ba.

Sai damina ta sauka. Ruwa ya shanye kwarin Jangwani, direbobi suka canza hanya yadda suka saba, kowa da lungunsa, ba wanda ya sanar da wani ofis. Manhaja ta ci gaba da tura mutane inda babu mota. Direbobin kuwa wurin Mwanaisha suke shan shayi, kafin hantsi duk ta ji inda kowa ya bi.

Rana ta uku Deo ya dawo, takalmi sharkaf. Ya gaishe ta, ya ce kuskure aka yi, za a daidaita, ta dai faɗa masa sababbin hanyoyin.

"A kunnenka? Ɗana, na daina magana a kunne."

Ta zaro gawayi daga murhu, ta dogara gwiwar nan a benci, ta fara rubutu a kan farin fentinsu, manya-manyan baƙaƙe. Mutane suka taru. Deo ya tuna mata takardar da ta sa wa hannu, ya ce lauya zai sake rubutowa, wannan karon rumfar ma tana iya tafiya.

"To ya rubuto. Kai ma in kana so, ga shi nan, kwafa kamar kowa."

Deo ya dubi bangon, waya a hannu. Ya san in ya ɗauki hoton, kamfaninsa ya kwafi abin da ya ce haramun ne a rubuta. In bai ɗauka ba, ya koma ofis hannu rabbana. Wata mata mai goyo ta ture shi da kafaɗa, ta ce ya matsa, ya tare mata rubutun hanyar Mbagala. Ya matsa, ya koma bayanta, ya ɗaga wayar.