Halittun da Lucia ta gina

Lucia maginiyar tukwane ce a Kwali, 'yar ƙabilar Gbagyi, tun tana shekara tara take murza yumɓu a gefen uwarta. Da farar hula suka karɓi mulki, Abuja ta cika da sababbin gidaje, sai ta koma gina tukwanen fure da 'yan mutum-mutumin ado.

Wata Asabar wani ma'aikacin gwamnati mai suna Nazir ya zo daga Gwarinpa. Shi da abokansa suna wani wasa a kan tebur: ɗaya yana ba da labari, sauran kowa ya ɗauki halitta guda ya zama ita, ana jefa ɗan lido don a ga sa'ar kowa. Yana so ta gina masa wasu halittun daji, waɗanda ba mutane ba.

Ya miƙa mata zane. Halittun suna da ƙaho, amma a duƙe suke, kowace da ƙwaryar kaya a kafaɗa.

"Wannan fa?" in ji Lucia, ta ɗora yatsa a kan kafaɗar.

"Don su fita daban ne, Mama, su zama baƙi."

Ranta ya ɓaci.

"Haka uwata ta ɗauki itace a kafaɗa har ta mutu! Haka nake ɗaukar yumɓu! Ka rasa yadda za ka yi dodo, sai ka ɗauko mu ka dasa mana ƙaho?"

Ya fara ba da haƙuri. Ta jefa takardar a wuta, ta ce ya dawo bayan wata guda.

Guda biyar ta gina. Ba fuska, ƙafa uku-uku, da ramuka a gadon baya inda iska ke shiga ta yi kuka. Da Nazir ya dawo, ya juya ɗaya a tafinsa.

"Mama, yaya mutum zai zama wannan? Ko baki ba ta da shi."

"Ba baƙo kake nema ba? Da ƙafa take ji. Ba ta san uwa ba, ba ta san gaisuwa ba. Ku je ku sha wahalar koyonta."

Sun kuwa sha. Abokansa biyu suka daina zuwa wasan, suka ce abin ya fi ƙarfinsu. Wani abokinsa Bartholomew kuma ya ƙi ɗaukar kowace halitta sai ita, yana magana da bugun tebur.

Nazir ya dawo sau uku neman ƙari, ta kuma gina masa. Amma ba ta taɓa ce masa ya shigo ba, bai kuma taɓa wuce ƙofar gidanta ba. A tsaye yake karɓa, cikin rana.