Tsohuwar Tarakta da Ɗorawar Inna

Har yau a garinmu, in aka zauna hira aka zo kan gidanmu, sai an sami mai cewa taurin kaina ne ya raba mana gandu. Ba na musu. Ni na raba shi, da wata tsohuwar tarakta mai tari da hayaƙi, kuma da za a mai da ni wancan lokacin ita zan sake saye.

Garin namu ƙauye ne kusa da 'Yargoje, a ƙasar Ƙanƙara. Da mahaifinmu ya rasu ba a raba gona ba. Gandu ya ci gaba a hannun yayana, ɗan farin Inna, don mu biyu ne kaɗai maza a gidan. Ni ne auta, ina koyarwa a wata firamare a Faskari, ina leƙowa gida ƙarshen mako. Muna haka kuɗin man fetur suka malalo cikin ƙasa. Wanda bai ga shekarun nan ba zai ɗauka ƙari ake yi. Mutumin da jiya yake kan jaki, yau sai ka gan shi da babur da rediyo rataye a kafaɗa. Yaya ya sami kwangilar gina azuzuwa, ya tafi Makka ya dawo da haƙorin zinariya, mu ma malaman makaranta aka yi mana ƙarin albashi har da ariyas. Komai sai sabo. In ka riƙe tsohon abu, kallon mara zuciya ake yi maka.

A gonar gandun akwai itatuwan ɗorawa da yawa, yawancinsu a wajen tudu, wasu kuma sun gangara kusa da fadama. A wurinmu mai ƙasa na iya zama daban, mai itace daban. Tun yana raye Baba ya ba Inna ɗorawar nan gaban shaidu, don haka ƙasa ta gandu ce, abin da ya rataya a reshe nata ne. Kowace bazara takan sa a kaɗo mata, ta sayar da garin ɗorawar, ta ba masu daɓe makuba, ta adana kalwa. Da kalwar take daddawa shekara ta zagayo. Har daga kasuwar Ƙanƙara ake aikowa a saya. Da wannan sana'ar ta yi wa 'yan'uwana mata kayan ɗaki, da ita take biki da suna, kuma tun da na yi wayo ban taɓa ganin ta tambayi kowa kuɗin goro ba.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Yaya ya kira ni zaure ya ce zai sayo wa gandu tarakta sabuwa dal daga Kaduna. Ya ga irinta, ja ce, ƙatuwa, tayarta ta baya ta kusa kai masa kafaɗa. Na yi murna da gaske, don ni ma na gaji da bin shanun huɗa. Sai ya ƙara da abin da ya kashe mini jiki.

"Mutanen kamfani sun ce sai an share gonar tas. Haron da take ja tana huɗa faɗi gare shi, ba shi son saiwa, ba shi son kututture. Katafila za ta zo bayan kaka."

Na ce, "Ɗorawar Inna fa, Yaya?"

"Na faɗa mata. Ba ta ce komi ba."

"Yaushe ta taɓa ce maka komi?"

Ya harare ni, amma ya san abin da nake nufi. Inna irin matan da ce masu kunyar ɗan fari. Ba ta taɓa kiran sunansa ba. In ya shigo gaishe ta, kanta a sunkuye take amsawa, in tana da saƙo gare shi ta bakin wani zai ji. Tun yana goye haka take da shi, kuma kowa yabonta yake a kan haka. To wannan matar ce ya tsaya a ƙofar ɗakinta ya shaida wa za a tumɓuke mata itatuwa, ta yi shiru, ya juya ya tafi da cewa ta yarda.

Ya ce, "Abin da take samu a daddawa, ni zan riƙa ba ta ninkinshi duk wata. Ta huta da hayaƙi. Nan gaba ma wa zai ci daddawa? Ga dunƙulen kanti nan ya shigo."

Ba mugunta yake nufi ba, wannan na sani. A ganinsa hutu zai saya wa uwarsa. Abin da ya ƙona mini rai shi ne yadda ya riga ya gama lissafinsa, ni ma ba shawara ya kira ni ba, sanarwa ce.

Washegari da hantsi na sami Inna a bayan ɗaki tana wanke kalwa. Ni auta ne, ba kunya tsakaninmu, har tsokanarta nake yi. Na ce ashe ta kusa zama Hajiya 'yar hutu, sai dai a kawo mata a faranti. Ba ta yi dariya ba. Ta ci gaba da murza kalwar a cikin ƙwarya, can ta ce, "Auta, tun da nike ban taɓa tsayawa ƙofar wani ina jiran a miƙo mani ba. Ko ubanku. Yanzu da furfura za ni fara?"

"To ki faɗa mashi mana."

"Ni? In buɗe baki in ce mashi mi? Kai dai ba ka da ta ido."

Gaskiyarta, ba ni da ita. Na koma wurin Yaya na ce akwai ƙananan taraktoci na hannu, irin waɗanda manoman auduga suke saki yanzu don su sayi manya. Ƙarama za ta iya bi tsakanin itatuwa, a yi noma, a bar wa Inna abinta. Ya ce shi ba zai kwaso gwanjon wani ya ajiye a ƙofar gidan ubansa ba, mutane su ce arzikin nasa na baki ne. Na ce to gara a ce haka da a ce ya mai da uwarsa 'yar jiran ƙarshen wata. Maganar ta yi masa zafi, kuma don ta yi zafi na faɗe ta.

Ban sake neman izininsa ba. Na sayar da sabon babur ɗin da na saya da ariyas, ko ledar kujerarsa ban gama cirewa ba, na haɗa da bijimaina na gado. Kafin in tafi na shiga gona da igiya, na nemi itatuwa biyun da suka fi kusa da juna, na auna tsakaninsu na ƙulle. Na sa igiyar a aljihu, na ɗauki wani bakanike daga Funtuwa muka nufi wani ƙauye a bayan garin Sabuwa, inda aka ce wani Alhaji mai gonar auduga yana son rabuwa da tasa.

Mun same ta ƙarƙashin rumfa, kaji sun mai da kujerarta wurin ƙwai. Fentinta ya koɗe har ba ka iya cewa ga launinta na asali. Fitila ɗaya ta fashe, taya ɗaya an yi mata faci a kan faci. Bakaniken ya sa aka tura ta ta tashi, ya kara kunne yana sauraren injin, yana ta yamutsa fuska. Ni ko kallon injin ban yi ba. Na zaro igiyata na auna faɗinta, na auna garmar da ke bayanta, na ga har da rara. Mai ita ya yi dariya ya ce, "Malam, saye ka zo yi ko riga za ka ɗinka mata?" Bakaniken ya ja ni gefe ya ce injin ya sha wuya, zan riƙa ganinsa fiye da yadda nake ganin iyalina. Na ce na ji, na saya.

Hanyar Sabuwa a lokacin ba hanya ba ce, kwazazzabai ne da yashi a cikin daji. Ta mutu mana a hanya har na daina mamaki. Da muka shigo gari yara suka biyo mu da ihu, manya suka fito ƙofar gida suna dariya, wani ya tambaye ni ko sadaka aka ba ni. A ranar aka raɗa mata suna Tsohuwa. Na tuƙa ta da kaina har ƙofar gidanmu, na ajiye ta daidai inda Yaya ya sa aka share don tasa.

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce kawai, "Ka nuna ma duniya ban isa da gidan nan ba." Ya aika aka kira Kawu, ƙanen mahaifinmu, ya ce a raba gandu kowa ya san nasa.

Ranar rabon Kawu ya so ya taimake ni. Ya tsaga gonar yadda kowa zai sami fadama ya sami tudu. Na ce a'a, a ba ni tudun duka, Yaya ya riƙe fadamar. Kawu ya ce, "Kai yaro, wurin nan marmara ce. Ka san abin da kake yi kuwa?" Na ce na sani, Kawu. Ya dube ni ya dubi itatuwan, ya sa aka kafa duwatsun iyaka. 'Yan itatuwan da suka faɗa ɓangaren Yaya, katafila ta kwantar da su bayan kaka. Inna ba ta je ta gani ba. Cewa ta yi in kwaso mata itacen, kada a bar shi ya lalace, ta dafa kalwa da shi.

Ba zan yi ƙarya don labarina ya yi daɗi ba. Taraktar Yaya ta yi aiki, ta yi aiki sosai. Masararsa sai da mota ake kwashewa, da taraktar ta tsufa ya sake wata. Tawa kuwa ta gasa mini aya a hannu. Makunninta ya mutu tun damina ta farko, don haka kullum a kan gangara nake ajiye ta, in ba haka ba sai na tara majiya ƙarfi su tura. Saiwar ɗorawa ta sha karya mini garma. Na san duk wani mai sayar da kwancen ƙarfe daga Funtuwa har Zariya. Ƙarƙashin inuwar itatuwan dawa ba ta yin kirki, abin da nake girba bai kai rabin na Yaya ba. Matata ta sha tambayata ko Tsohuwa ce za ta ciyar da mu ko mu ne za mu ciyar da ita. Ni da Yaya kuwa sai gaisuwar salla da ta jana'iza. Wannan ya fi komai ci mini rai, don shi ya goya ni zuwa makarantar allo, kuma na yi kewarsa ba kaɗan ba.

Amma Tsohuwa tana bi tsakanin itatuwan nan kamar don su aka ƙera ta. Kowace bazara nakan ɗaura mata tirela in kwaso wa Inna ɗorawarta. Da ƙafa ta fara gaza mata, sai in shimfiɗa tabarma a cikin tirelar in ɗauke ta ita kanta, ta zauna a gindin itace tana nuna wa masu kaɗowa reshen da suka tsallake. Yaya bai fasa aiko mata da kuɗi duk wata ba. Takan karɓa ta sa albarka ta bakin ɗan aike, kafin la'asar ta rarraba wa jikoki, yawanci 'ya'yansa. Cefanenta da goronta daga tukunyar daddawa suke fitowa, har shekarar da ta kwanta.

Da safe ta cika, a farkon damina. Yaya yana Kaduna, aka aika masa, ya iso kafin azahar da bandir na farin yadi a hammata, mai tsada, irin wanda ko a kanti sai an tambaya. Ya miƙa a shigar cikin gida. Jim kaɗan ƙanwar Inna, wadda ta yi mata wanka, ta fito bakin zaure da yadin a hannu.

Ta ce, "Alhaji, ka yi haƙuri ka mai da abinka. Ta yanki nata tun bara da kuɗin kalwarta, shina nan ƙasan akwati. Ta ce in an tashi a sa ta cikin guminta."

Zauren cike yake da mutane. Yaya ya karɓi yadin ya rasa inda zai ajiye shi. Can ya matso kusa da ni, ya yi ƙasa da murya yadda ni kaɗai zan ji.

"Ta faɗa maka ba ta son a sare itatuwan?"

Na ce, "Ta faɗa mani."

Ya ce, "Ni ba ta taɓa faɗa mani ba."

Na ji tausayinsa har cikin raina, na kama hannunsa, ya bar mini. Amma ban ba shi haƙuri ba, don ban ga abin da zan ba da haƙuri a kansa ba. Aka fito da makara muka sa kafaɗa tare, shi a gaba ni a baya. Yadin da aka naɗe Inna a ciki mai arha ne, irin na kasuwar Ƙanƙara, kuma nata ne.