Ɗauko Gwaggo Hajara daga Ƙasar Dungas

Gumel zuwa Magarya

Shekarar da aka fara kashe naira ce saƙo ya iso mana cewa Gwaggo Hajara, yayar mahaifina, tana kwance a wani ƙauye bayan Dungas, ƙafa ta kumbura. Baba ya ce in je in kawo ta asibitin Gumel. Ina idar da sallar asuba ranar Alhamis na hau motar 'yan kasuwar Maigatari. Daga can akori-kura ta tsallaka da mu Nijar, muka isa Magarya da la'asar. Na kwana gidan wani mahauci, aka ba ni tuwon gero da miyar kuka.

Magarya

Da safe aka kai ni wurin wani Alhaji mai ba da hayar Landiroba. Ya duba lasisina, ya miƙo makulli.

Na ce, "Alhaji, ina inshora?"

Ya ce, "Asiransi? Tawa ta cikin Nijar ce, kuma da sunan direbana. Tafi kawai, yaro, ba mai tambaya."

Na ce, "Marar lafiya zan ɗauka, har Gumel. A sa sunana, a sa tsallake iyaka."

Ya yi tsaki, amma ya raka ni ofishin inshorar. Sai bayan Juma'a aka buga hatimi, rabin guzurina ya tafi.

Dawowa

Da na isa ƙauyen, na sami Gwaggo ko tsayuwa ba ta iyawa. Muka shimfiɗa mata katifa a baya. Kusa da iyaka wani bijimi ya faɗo hanya, na kauce, gefen motar ya daki kututture, fitila ta tarwatse. Jandarmomi biyu suka taso daga shingensu. Babban ya ce a ajiye mota sai mai ita ya zo. Gwaggo tana ta nishi a baya.

Na miƙa takardar inshorar. Ya karanta, ya dube ni.

"Kai ka yi wannan da kanka?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

Ya rubuta rahoton haɗarin domin kamfanin ya biya gyara, ya ɗaga sanda. "Wuce da tsohuwa, Allah ya ba ta lafiya."

Gumel

Kafin magariba muna ƙofar asibiti, Baba yana tsaye. Ana sauke Gwaggo ta riƙe hannunsa ta ce, "Sule, ɗanka ne ya tuƙo ni. Har jandarma ya sara masa."

Bai sara mini ba, amma ban gyara mata ba. Wata guda ta yi a asibitin, sannan ta taka da ƙafarta. Alhamdu lillahi, Allah ya saka wa mahaucin Magarya da alheri.