Tarin Baba

Tun da na yi wayo ban taɓa ganin Baba a gida da hantsi ba sai shekarar korona. Ma'aikaci ne a sakatariyar Kurfi, mu kuwa gidanmu yana Dutsin-Ma. Da ya sha koko zai hau babur ya kama hanya, sai bayan la'asar. Asabar da Lahadi kuma yana gona a Makera.

Da aka sa dokar kulle, aka rufe jami'a na dawo gida, shi ma aka ce ya zauna. Muka zama mu huɗu: ni, Umma, Baba, sai Kaka, mahaifiyarsa, wadda ta zo daga Makera a duba mata ido da niyyar kwana biyu, hanya ta rufe da ita.

Kwana biyun farko barci Baba ya yi. A na uku ya farka ya gano gidan da Umma ta riƙe shekara ashirin da wani abu ba shi da tsari. Ya tara mu a gindin darbejiyar tsakar gida, da biro da takarda, ya ce an kafa kwamiti. Shi ne shugaba, ni ce sakatare tunda na yi boko.

"Ni fa, Malam?" in ji Umma.

"Ke mamba ce."

Kaka tana gyangyaɗi a tabarma, ya ce in rubuta ta halarta.

Dokoki huɗu ya shimfiɗa. A ajiye bokiti da sabulu a zaure. Ba baƙo. Kowa ya sa takunkumi in zai leƙa waje. Ta huɗun ita ce duk wanda ya yi tari za a killace shi a ɗakin zaure kwana goma sha huɗu. Ya sa hannu, na manna a ƙofar kicin.

Kaka ta juya takunkumin da aka ba ta, ta ce a ƙauyensu jaki ake sa wa wannan in yana ɓarnar dawa. Daga ranar ta mai da shi abin ƙunshe goro.

Da ya gama da zaure sai Baba ya waiwayo kicin. Ya buɗe tukwane, ya shinshina daddawa, ya tambayi dalilin da ake ajiye ludayi a hagu. Umma ta yi ta cewa "to, Malam" da wata murya da na san ba alheri a cikinta. Wata safiya ya ce yajinta bai kai na wani mai tsire a tashar Kurfi ba, kuma ya san sirrin: sai an fara soya barkono a busasshen kasko.

"Ka taɓa yi?"

"Na sha gani."

Ta miƙa masa kasko da kwanon barkono, ta ja ni muka koma can bakin rijiya. Ya juye barkonon duka a wuta mai ƙarfi, ga taga a rufe. Ba a jima ba ya fito a guje, hula a hannu, hawaye da majina, yana tari kamar zai amayo hanjinsa.

Umma ta rufe hanci da gefen mayafi. "Sakatare, karanto mana doka ta huɗu."

Na karanta.

"Barkono ne!" in ji Baba, tsakanin tari da tari.

"Takardar ba ta ce ban da barkono ba. Ko a kaɗa ƙuri'a?"

Kaka ba ta san me ake ciki ba, amma da ta ga mun ɗaga hannu sai ta ɗaga duka biyun.

Haka shugaban kwamiti ya tare a ɗakin zaure, tsakanin buhunan masara, da katifa da buta da rediyonsa. Ni ke kai masa abinci, in ajiye a bakin ƙofa in ƙwanƙwasa da muciya. Ranar Umma har waƙa ta yi a bakin turmi. Niyyarta ya kwana ɗaya ya ji yadda dokarsa take, shi ke nan.

Ranar farko ta bayan ƙofa ya yi ta ba da umarni. Ta biyu ya yi shiru, sai muryar rediyo tun safe, labarin ciwon daga wannan ƙasa zuwa waccan. Umma ta ce fushi ne, a bar shi ya huce. A ta uku na kai fura da azahar na tarar da kokon safe ba a taɓa ba.

"Ke," ya kira ni a hankali. "Wai ciwon nan da maƙogwaro yake farawa?"

Na ce haka ake faɗa. Ya ce nasa yana masa zafi, kuma kafin a rufe ofis ya gaisa hannu da hannu da wani da ya dawo daga Legas. "Kada ki bar Inna ta matso nan," ya ce, yana nufin Kaka. "Ta tsufa." 

Na gaya wa Umma. Ta ajiye tsintsiya, ta tafi ta tura ƙofar. Yana cewa ta koma baya, ita kuwa ta ɗora bayan hannunta a goshinsa, ta taɓa wuyansa.

"Jikinka ya fi nawa sanyi. Barkono ya ƙone maka maƙoshi, rediyo ya ƙarasa sauran. Fito."

Ta ƙwace rediyon, ta dafa masa citta da zuma. Ya sha, amma ya ƙi fitowa. Ya ce in ciwon ne fa? Zai cika kwanakinsa.

Nan wasa ya juye mana. Saura kwana goma sha ɗaya muna jigilar tuwo da ruwan wanka, cikin zafin bazara, ga wanda lafiyarsa lau. Umma ta yi mita ta gaji. Daga baya ta riƙa ɗaukar kujera 'yar tsugunne da yamma ta zauna a bakin ƙofarsa tana ɓarar gyaɗar iri, suna hira ta tsakanin katako. Ni sakatare ce, saboda haka na saurara. A nan na ji cewa ranar da ya fara zuwa zance wurinta ragon babanta ya kore shi har ya bar takalmi ɗaya. Umma ta yi dariya har gyaɗa ta zube.

Ranar da ya fito, ga gemu ga kumatu, Kaka ta dube shi sama da ƙasa. Ɗan farinta ne, ba ta kiran sunansa.

"Kai wannan, jinya ka yi ko kiwonka aka yi? Hadari ya fara haɗuwa gabas. Ka mai da ni gida, irina yana rumbu."

Ya ce hanya a rufe take. Ta ce burtali ba a rufe yake ba. Washegari ya goya ta a babur suka bi ta bayan gari. Da ya dawo da yamma da ƙwan zabi a aljihun riga, Umma ta tambaye shi ko an tare su.

"An tare mu wajen gada," ya ce. "Inna ta tambayi yaran da aka sa tsaron hanyar 'ya'yan wane ne su. Ashe ta san kakannin biyu daga ciki. Har tura mana babur suka yi."