Yankan Dabo

Dabo taubashina ne, uwata da ubansa ciki ɗaya, saboda haka babu wanda ya kai ni ikon zaginsa a garin nan, kuma ban taɓa barin ikon nan ya kwana ba. Tun muna yara nake ce masa Sarkin Ƙuda, shi kuma ya ce mini Rahmatu mai bakin reza. Na faɗi wannan tun farko don kada wani ya ce yabon ɗan'uwa na zo yi. Dabo ba shi da kyau, ga rowar tsoka, ga surutu kamar rediyon mai shayi. Amma abin da garin nan ya yi masa, wallahi ko kare aka yi wa sai na yi magana.

Mahauci ne, gadon gidansu. A kwata, inda ake yanka dabbobin kasuwa, ba kowane mahauci ake bari ya ɗora wuƙa ba. Da hannun ubansa ya fara rawa, dattawa suka miƙa wa Dabo yankan, don ya yi karatu daidai gwargwado kuma sahun gaba ba ya wuce shi. Yakan shayar da dabba ruwa kafin ya kwantar da ita, ba ya wasa wuƙa tana kallo. Idan aka kawo nama gida, mace ta tambaya yankan wa, aka ce yankan Dabo, shi ke nan, tukunya ta hau wuta. Gonarsa 'yar mitsitsiya ce, geron da take ba shi ba ya kai shi bazara. Wannan yarda da hannunsa ita ce duk abin da ya mallaka.

A ƙasarmu, tsakanin Ɗambatta da Kunci, akuya ita ce rufin asirin mace. To akwai wata annoba da ke shigo mana lokaci zuwa lokaci. Akuya ta fara majina, baki ya yi gyambo, sai zawo, kafin ki gama neman magani ta miƙe ƙafa. Ni kaina akwai shekarar da ta share mini turke, igiyoyi kawai ta bar mini.

Saboda annobar nan Dakta Fanna ta zo. 'Yar mutanen Barno ce haifaffiyar Kano, tana bincike a wata jami'a. Ba likitar allura ba ce, aikinta sanin yadda jiki ke kare kansa daga cuta. Malamin dabbobi ne ya rako ta, suka fara gaida dagaci, dagaci ya tura su kwata. Abin da ta roƙa ba shi da yawa. Idan Dabo ya yanka lafiyayyar akuya, ya tara 'yar kwalba ya ɗebi jinin, akwai maganin hana daskarewa a ciki, ya jujjuya a hankali ya sa a akwatinta, mota ta wuce da shi Kano da ɗuminsa.

Ka san mu jinin yanka ƙasa ce ke shan sa. A yi masa rami, ya kwarara, a rufe. Dabo ya san haka fiye da kowa, shi ya sa bai taɓa kwalbar ba sai da ya je wurin liman. Liman ya ce tunda ba ci za a yi ba, ba sha ba, neman magani ne, babu laifi. A gaban mutane ya faɗa, a ƙofar masallaci. Ku riƙe wannan.

Aka yi ta yi babu wanda ya ce uffan. Ranar da abin ya lalace ina wurin, na je karɓar kayan ciki. Dabo, da shegen son jin ƙwaƙwaf, ya ce mata, "Dakta, wai don Allah me kike nema a jinin nan? Ni na girma a cikinsa, ban ga komai ba sai ja."

Ta yi dariya ta ce, "Baba Dabo, akwai farare a ciki, ido ne ba ya ganinsu." Ta ciro wayarta ta nuna mana hoto mai motsi da ta ɗauka ta madubin nan nasu mai ƙara wa abu girma. Wasu 'yan abubuwa ne fari-fari, suna miƙa gefe guda su ja sauran jikin, kamar yaro mai koyon rarrafe. Ta ce su ne fararen ƙwayoyin jini, masu gadin jiki. Idan cuta ta shiga wani wuri, sai su ratsa bangon jijiya su fita, su yi ta tafiya har su same ta. Ita kuwa ƙwayar cutar awakin nan, bairos, takan shige cikin masu gadin ne su kai ta ko'ina. Abin da take son ganewa shi ne yadda tafiyarsu ke canjawa idan cutar ta shige su.

Dabo ya ce, "Wannan daga akuyar da na yanka ne?"

"Ta makon jiya. Sukan jima suna motsi bayan an yanka, shi ya sa nake sauri da su."

Ya daɗe yana kallo, har ya sa ta maimaita. Idonsa ya kawo ruwa, ya ce, "Ikon Allah. Ubangijinsu ya umarce su da gadi, ba su ma san gidan ya rushe ba." Na ce masa ya share hawaye ya auna mini hanta, ya ce ni dama ban san komai ba sai ciki.

Da ma a nan ya tsaya. Amma Dabo ne, abu ba ya kwana a cikinsa. Bayan la'asar ya kai labarin majalisar gindin darbejiya, yana ba su da hannu da ƙafa, shi a ganinsa wa'azi yake yi. A wurin akwai Ɗanliti mai faci, mutumin da bai taɓa jin magana ya bar ta yadda ya same ta ba. Ya ce, "Tsaya, Dabo. Akuya ta mutu, amma abin da ka zuba a kwalba yana da rai?"

"Da ransa, har Kano."

"To ashe ran bai gama fita ba ka tare shi."

Aka yi dariya aka tashi. Kafin kasuwa ta zagayo, maganar ta shiga gidaje ta fito da wata kama. Wai Dabo yana kama ran dabba a kwalba yana ba wata mata. Wai tunda ran bai fita ta hanyarsa ba, naman mushe ne. Wasu suka ce ba sunan Allah kaɗai yake ambata ba, ai an ga bakinsa yana motsi bayan bisimilla. Alhali mutumin salati yake yi. Matan da annoba ta cinye wa awaki, waɗanda saboda su ake wannan wahalar, su ne suka fi kowa yaɗa ta a gidan biki. Na yi faɗa har muryata ta dushe, aka ce ai dole, jininsa ce.

Babu wanda ya zo ya tuhume shi ido da ido, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Nama dai ya fara kwana a kan tebur. Sauran mahauta suka ga kasuwarsu za ta mutu, sai wata safiya Dabo ya iso kwata ya tarar Basiru, wanda shi ya koya wa riƙon wuƙa, ya riga ya yi yankan. Aka ce masa ai an ga ya yi nauyi ne, a hutar da shi. Liman fa? Na aika masa, ya ce shi ba ya shiga maganar mata.

Da Dakta Fanna ta ji, ranta ya ɓaci ƙwarai, ba zan ci hakkinta ba. Ta roƙi dagaci ya tara dattawa, ta yi bayani tiryan-tiryan, ta nuna musu hoton. Ta ce akuyar ta mutu sarai, abin da ke motsi kamar ganyen da aka tsinka ne bai bushe ba tukuna. Suka gyaɗa kai, suka sa mata albarka, har da masu tambayar yaushe za a kawo rigakafi. Kowa ya ce shi bai taɓa zargin Dabo ba, Dabo ai namu ne. Ɗanliti ma ya ce wasa yake yi. To wa za ka ƙaryata, tunda babu wanda ya faɗa? Ta shiga mota da albarkarta, wuƙa ta zauna a hannun Basiru. Kafin ta tafi ta ce da Dabo ta yafe jinin, ya ce, "'Yata, wanda na tara miki dai ki yi aiki da shi, kada ya tashi a banza."

Babbar sallah ta zo. Dabo ya yanka ragon layyarsa da hannunsa kamar kullum, matarsa Aina'u ta kasa nama aka rarraba wa maƙwabta. Kowa ya karɓa da godiya. Washegari ta fita zubar da shara ta ga karnuka a bayan katanga suna ja-in-ja da cinyar da ta zaɓa wa gidan da ta fi girmamawa. Ta gane ta, don ita ta ɗaure ta da kaba. Aina'u ba mai kuka ba ce, amma ranar sai da na riƙe ta.

Tun daga nan Dabo ya koma fiɗa, yana feɗe abin da wani ya yanka, aikin da ya bari tun yana saurayi. Surutun ma ya ragu. Na tsokane shi da Sarkin Ƙuda, sai ya yi murmushi kawai, ni kuwa na ji kamar na mari kaina.

Sallar bana na je gidansa da wuri don in taya Aina'u aiki. Ya kiwata rago tun yana ɗan ƙarami, fari mai baƙin kunne. Da aka sauko daga idi na ga ya wasa wuƙarsa a bayan rumbu, ya ba ragon ruwa, ya haƙa rami a ƙofar gida. Sai ga Basiru ya yi sallama, yana ta sunkuyar da kai. Na ce, "Dabo, me ya kawo wannan?"

Ya ce, "Ni na kira shi. So nake a ci naman, Rahmatu. Layya ce."

Na ce wallahi ba za a yi haka ina raye ba, wanda ba zai ci ba ya mutu da yunwa. Ya ce in yi wa Allah in yi shiru, maƙwabta suna kallo. Suna kallon kuwa, an tsaitsaya a ƙofofi don kowa ya shaida hannun da ya yanka. Ya miƙa wa Basiru wuƙarsa, ya durƙusa ya danne ƙafafun ragonsa kamar ɗan koyo. Dabo da kansa ya gyara wa Basiru wurin da zai ɗora wuƙar.

Jini ya cika ramin. Aka miƙo wa Dabo ƙasa don ya rufe, ya tsaya da ita a hannu yana kallo. Na matso kusa don in ja shi ciki, sai ya yi ƙasa da murya yadda ni kaɗai zan ji, ya ce, "Suna nan suna tafiya fa, Rahmatu."

Ya zuba ƙasar ya tattake. Washegari aka raba naman, kowane gida ya ci, har da masu aiko da godiya wai ragon ya yi kitse.