Igiyar Rijiyar Gololo

Bayan an gama yaƙin Bama, a zamanin Turawa, En'e ta naɗa ni helman masu haƙa rijiya, aka tura mu Gololo daga Azare. Mutum uku aka ba ni. Akwai wani dattijo Babarbare, shi ke shiga rami. Akwai Bafulatani daga Udubo wanda shanunsa suka ƙare, shi ke riƙe igiya. Sai birkila, Bayarabe, bai daɗe da zuwa ƙasar Katagum ba, Hausarsa ma ta ciniki ce kawai.

Tun ranar farko Bafulatanin ya leƙa rami ya ce, “Bawana, yi sauri, ko in kai ka kasuwar Sakwa in sayar.”

Dattijon ya amsa daga ƙasa, “Kai da kakanka ya yi wa kakana kiwo? Ja guga.”

Ni dariya na yi, don da wannan wasa na Fulani da Barebari na tashi. Birkila kuwa ko murmushi. Kashegari ya ajiye siminti ya kama igiyar da kansa, ya ƙi saki. Kwaɓi ya bushe, aiki ya tsaya.

Na ja shi gindin tsamiya na ce, “Malam, lafiya?”

Ya ce, “Helma, wancan mutum ba ya son baba. Zai saki igiya.”

Na yi ta bayani cewa wasa ne na kaka da kakanni, bai gamsu ba. Sai na ce ya zo mu ci abincin rana tare, maimakon ya keɓe kamar yadda ya saba. Nan ya ga Bafulatanin ya dama fura da nonon da ya roƙo a ruga, ya durƙusa ya miƙa wa dattijon kafin kowa, yana cewa, “Sha, bawana, kada ka mutu in yi asara.” Dattijon ya sha, ya sa masa albarka.

Sai birkila ya ce, “To ni wa zan zaga?”

Dattijon ya ce Yarabawa da Gobirawa suke wasa. Ranar kasuwa muka samo masa wani Bagobiri mai sayar da kanwa, suka tsaya suna ta yi wa juna tsiya har mutane suka taru. Kafin damina ta faɗi mun kai ga ruwa, mai daɗi kuwa, sai aka ce mu wuce Udubo.