Inda Ake Dariya a Jaridar Babana

Mahaifina, Faraji Zarka, ya haura shekara ɗari, kuma tsawon ran nan bai yi masa adalci ba. A Susa ta Tunisiya lauya ne da alƙalai ke shakka. Da muka yi hijira zuwa birnin Haifa na Isra'ila aka ce lauyancinsa ba ya aiki a nan. Sai ya koma buga wa Yahudawan garinmu jarida, da Larabcin gida amma cikin haruffan Ibrananci, yadda kakanninmu ke rubutu.

Mu kuwa 'ya'yansa ya hana mu Larabcin. Ranar da na dawo daga makaranta ina kuka don an kwaikwayi bakina, ya buga tebur ya ce kada ya ƙara jin sa a bakin yaro a gidan. Hukuncin Baba ba a ɗaukaka ƙara. Muka manta shi tas.

Masu karanta jaridar suka yi ta mutuwa, yana buga ta'aziyyarsu. Larabawan unguwa suna jin harshen, ba su san haruffan ba. Jikoki sun san haruffan, ba sa jin harshen. Ya rage saura Bishi mai kifi, wanda kan zo duk Juma'a ya karanta yana ƙyaƙyata dariya, sannan ya juyo wurina da Ibrananci.

"'Yata, uban nan naki maƙaryaci ne tun yana lauya. Zubo min shayi."

Bishi ya rasu bayan Idin Ƙetarewa na Yahudawa. Duk da haka Baba ya rubuta fitowa ta gaba, na kai maɗaba'a. Da na dawo da ita ya miƙo min.

"Zahaba, karanta. Da ƙarfi."

Ni da furfurata na zauna ina haɗa baƙi kamar aku, ban san me nake faɗa ba. Na ga sunan Bishi, na ɗauka ta'aziyya ce, na sassauta murya. Shi kuma ya zuba wa bakina ido.

"Tsaya," ya ce. "Nan ake dariya."

Na yi dariyar.

"Shaidar zur," in ji shi. "Na san ta tun kafin a haife ki."

Haushi ya kama ni. "Baba, ai kai ka hana mu."

Tun ranar bai sake neman alƙalami ba.

Daga nan Ibranancin ya fara zube masa, yau kalma, gobe jimla, har ya ƙare. Saura Larabcin uwarsa. Yanzu kullum da safe yakan riƙe wuyan hannuna ya yi ta magana mai tsawo, sunana na fitowa a ciki, wani lokaci da hawaye. Tsoro nake ji ƙwarai, don ba shi da sauran lokaci. Can sai ya yi shiru, ya tsura min ido yana jira. Ban sani ba ko nan ake dariya, ko nan ake cewa na yafe.